Daddawar Inna a Masana'antar Allura

Mutumin da aka turo ya ɗauke mu daga filin jirgin Haidarabad ya rantse mana tun a waya cewa masaukinmu yana jikin masana'antar, ko da ƙafa ma za mu iya zuwa. Da muka isa sai ga mu a hawa na huɗu na wani bene a bayan kasuwar kifi. Famfo ba ya kawo ruwa sai da asuba, masana'antar kuma tafiyar awa ɗaya da rabi ce a bas. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Anti Bilki ta taka mini ƙafa.

"Talatu, nan fa ba Tofa ba ce," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Ki adana bakin nan naki."

Anti Bilki 'yar Rijiyar Zaki ce, mai haɗa magunguna, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Wani ƙaramin kamfanin magani na Kano ne ya turo mu Indiya mu biyu, mu yi wata huɗu mu koyo yadda ake yin ruwan allura. Ita za ta kula da haɗin maganin. Ni da na karanta ilimin ƙananan halittu a jami'a, aikina shi ne hana ƙwayoyin cuta shiga kwalba. Sharaɗin da aka kafa mana ɗaya ne: mu dawo da takardar shaida, wadda ta dawo babu ita a ba wani kujerarta. Ni ce ta farko a gidanmu da ta taɓa hawa jirgi. Baba yana koyar da karatu a zaure da safe, ya wuce gonar gero da gyaɗa. Inna kuwa daddawa take yi, wadda har daga Ungogo ake zuwa sari.

Abincin garin ne ya fara kayar da ni. Mu ma muna cin yaji, amma nasu daban ne, ga tsami, ga wani ganye da ƙamshinsa ke tayar mini da zuciya. Cikin sati biyu siket ɗina ya fara juyawa a ƙuguna. Abin da ya cece ni shi ne curin daddawa goma sha biyu da Inna ta naɗe mini a tsohon zaninta ta cusa a ƙasan akwati. Na ɗauki guda na sa a leda, na jefa a aljihun jakar hannuna. Kullum a ɗakin cin abinci sai in gutsuro kaɗan, in murmushe ta da yatsu a kan shinkafa da miyar wakensu. Da zarar ƙamshin ya bugi hancina sai in ji kamar ina tsakar gidanmu, in ci in ƙoshi.

*Ƙofa uku*

Kafin mutum ya kai ɗakin da ake ɗura allura a kwalabe, sai ya wuce ƙofa uku. A ɗakin farko za ki tuɓe kayan gida, ki zuba su da jakarki a loka, wato ɗan kabad mai makulli. A na biyu ki wanke hannu har gwiwar hannu ki sa kayan ciki na masana'anta. A na uku ne ake shan wuya. Akwai wata farar riga haɗe da wando da aka dafa a tukunyar turiri, dole ki shige ta ba tare da ta taɓa ƙasa ba, ba tare da kin taɓa bayanta ba, kina tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Sai hula, takunkumi, tabarau, safar hannu biyu, kowane mataki ki fesa sifirit. Ba kwalli, ba hoda, ba lalle, ba ɗan kunne. A ciki ba a gudu, ba a sosa jiki, magana ma sai ta kama dole, domin a wurinsu ɗan Adam shi ne babban datti. Idan kin fito kuma sai ki danna yatsunki biyar a kan wani ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a rubuta sunanki, a sa shi a akwatin ɗumi. Bayan kwana uku, in wani abu ya tsiro, kowa zai san daga jikin wa ya fito.

Ranar farko an ba mu takarda mun sa hannu. A cikin dokokin akwai cewa ba a wuce ƙofar farko da abinci, wanda aka kama ya tattara nasa ya nasa. Na karanta, na sa hannu da zuciya ɗaya. Wallahi ko kaɗan daddawar da ke jakata ba ta faɗo mini a rai ba. A wurinmu wa yake ce wa daddawa abinci? Kayan miya ce, busasshiya kamar dutse, tana shekara a rataye ba ta yi komai ba.

Sau huɗu ina faɗuwa gwajin sa rigar nan. A na huɗun ƙafar wandon ta sake taɓa ƙasa, mai koyar da mu ta girgiza kai ta fita, ni kuwa na zauna a benci hawaye na zuba cikin takunkumi. A nan Sujata ta same ni. Ita ce mai goge ɗakunan sa kaya na ɓangaren mata, wata siririyar dattijuwa mai furfura a goshi, 'yar kwantiragi, ba cikakkiyar ma'aikaciya ba. Matan wurin suna ce mata Akka, wato Yaya da yarensu, ni ma na bi sahu. Turancinta bai fi cikin cokali ba, amma ta ɗauko wata tsohuwar riga ta nuna mini yadda ake tattare ƙafafun wandon a hannu ɗaya tun daga ciki kafin a zura ƙafa. Ta sa na yi sau goma tana buga mini hannu in na yi kuskure. Washegari na ci gwajin.

Ita ce ta samo mini wani lungu bayan ɗakin wanki inda nake sallar azahar, ta shimfiɗa mini kwali mai tsabta. Ita ce ta koya mini lambar bas ɗin da ba ya zagaye. A ɗakin cin abinci wata rana ta shinshina daddawata, ta toshe hanci tana dariya har da ƙwalla, ni ma na toshe nawa na nuna tsamin mangwaron da ke kwanonta. A hankali na gane mijinta yana kwance a gida, ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke ci da su.

*Akwatin ɗumi*

A sati na shida faranti suka fara magana. Da farko a kan bencin ɗakin mata aka samu tsiro, sai a hannun ƙofa ta biyu. Aka ƙara feshi, abin bai tsaya ba. Sai ga shi a safar hannun mata uku, ni da Anti Bilki da wata 'yar garin. Ranar da ya bayyana a farantin da ke kusa da injin ɗuri, masana'antar ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Aka killace kwalaben allurar da aka ɗura a ranar gaba ɗaya, maganin da asibitocin yara ke jira.

Dokta Menon, shugabar sashen kula da inganci, ta tara mu. Gajeriyar mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma gara a yi maka ihu da irin kallonta. Ta ce ƙwayar da ake gani sunanta Basilus, irin wadda ke shiga ɓawo ta kwanta, sifirit ba ya yi mata komai, sai maganin goge-goge mai ƙarfi. Ta ce yawanci daga ƙasa da ƙura take zuwa, kuma ɓangaren mata kaɗai ake samunta. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Amma duk idanun da ke ɗakin suka juya kan Sujata, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da bokitinta.

Ranar Litinin da safe aka mayar da ni ɗakin gwaji in koyi karanta faranti. Na buɗe akwatin ɗumin, na jawo tiren da aka ware na masu tsiro. Ga su nan farare-farare, busassu, sun yamutse kamar fatar da ta daɗe a ruwa. Ba a shinshina faranti, doka ce, kuma ban shinshina ba. Warin ne da kansa ya ratso takunkumi ya same ni. Na san shi tun kafin in san sunana. Shi ne warin ɗakin da Inna ke rufe dafaffiyar kalwa a kwando ta lulluɓe da buhu, a rana ta uku in an ɗaga buhun.

Na tuna aji uku a jami'a, na tuna tambayar jarrabawa a kan ƙwayar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Basilus ce. Na amsa ta daidai, har na yi wa ƙawayena fankama cewa ni a ɗakin gwajin aka haife ni. Sati shida ina murmushe ta da yatsu, garinta yana shiga farcena, yana zuba a jaka, a gefen hijabi, a kan waya. In dawo in ajiye jakar a benci, in kama hannun ƙofa, in fesa sifirit in shige ina jin kaina tsaf. Lokata kuma tana manne da ta Anti Bilki.

Da azahar ɗin ranar aka dakatar da Sujata sai an gama bincike.

*Bakin get*

Zan faɗi abin da na yi yadda yake, ko da ba ya yi mini daɗi. Ban je wurin Dokta ba. Na koma masauki na jefar da curin da ke jakata, na jiƙa jakar da hijabaina a bokitin bilic, na yanke farce har sai da ya yi jini. Na ce wa raina ai shi ke nan, tunda na kawar da tushen abin, faranti za su yi fari, a mayar da Akka bakin aikinta, kowa ya huta. Na gaya wa Anti Bilki tana tsaye a kaina tana kallon bokitin.

"Innalillahi," ta ce, ta zauna a bakin gado. "To kin jefar. Ki ja bakinki ki yi gum. Kin san in maganar nan ta fita, wasiƙa za su rubuta Kano. Alhaji mai kamfani ya sayo injuna, ya gina ɗaki, a ce masa 'yan aikensa sun shiga masana'antar mutane da daddawa? Mu duka za a kora. Ki rufa mana asiri don Allah."

Ban yi mata musu ba. Gaskiya ma daɗi na ji da ta faɗa, domin abin da nake so in ji ke nan.

'Yan kwantiragi ko an dakatar da su sai sun zo sun sa hannu kullum, in ba haka ba a ce sun gudu. Don haka kowace safiya in bas ya sauke mu, Sujata tana tsaye a bakin get da lemarta, ba a bari ta shiga. Ranar Talata ta ɗago mini hannu. Ranar Laraba ta tare ni ta miƙo mini ayaba biyu a takarda, ta zana da'ira a tafin hannunta, alamar faranti, tana tambayata da ido. Na ce mata sai addu'a. Ta gyaɗa kai ta shafa kafaɗata, wai ita ce ke ba ni haƙuri don an ga tsiro a safar hannuna. Ayabar nan a jaka ta ruɓe, na kasa ci. Daga ranar na koma sauka ta ƙofar bayan bas ina shigewa cikin mutane, amma ina jin idonta a bayana.

Abinci ya sake gagarata, barci ma haka. A cikin farar rigar nan gumi yake bin bayana har cikin takalmi, ina ta lissafin ranar da farantin Talata da Laraba za su fito su wanke kowa.

Sun fito ranar Asabar, fari fat, ko ɗigo babu. Na yi hamdala a zuciyata. Sai Dokta Menon ta tara mu ta ce tun ranar da aka cire mai goge-gogen aka sa wata, ba a sake ganin komai ba, don haka an gano inda matsalar take. Ranar Litinin za a rufe binciken a sallame ta, kuma za a sanar da kamfanin da ke kawo 'yan kwantiragi dalilin sallamar. Na san ma'anar wannan. Babu masana'antar magani a garin da za ta sake ɗaukarta.

Sai a lokacin na ga abin da na aikata. Ranar da aka cire ta ita ce ranar da na jefar da daddawar. Da hannuna na haɗa musu hujjar da ba su da ita.

*Waya*

Ranar Lahadi da la'asar na kira gida. A can hantsi ne, ina jin kaji da ƙarar taɓarya. Inna ta ba ni labarin ruwan da aka yi, da gyaɗar Baba da ta yi kyau, da akuyarmu da ta haifi biyu. Ta ce yanzu ma kalwa ce a wuta.

"Inna, wai me ke sa kalwa ta kama ne?" na tambaye ta, ina kewaye-kewaye.

"Ke da kika yi boko kike tambayata? Kwandon mana. Ko kin wanke shi da toka kin shanya a rana, abin yana nan a saƙarsa. Shi ya sa ba na ba da aron kwandona. Lafiya dai? Muryarki ba ta yi mini ba."

Sai na fashe da kuka na zayyana mata komai, tun daga benci har bakin get. Na ƙara da cewa in na yi magana za a koro ni babu takarda, aikin ya tafi, mutanen Tofa da suka raka ni tasha su ji dalili. Ina fata ta ce in yi haƙuri in yi shiru, Allah zai ba matar wani aikin. Sai na ji taɓaryar ta tsaya.

"Matar tana da mai ba ta?" ta ce.

"Babu, Inna. Mijinta a kwance yake."

"Talatu, ni na naɗe miki daddawar nan da hannuna. Kada ki sa ni cikin hakkin matar da ban taɓa gani ba." Ta ja numfashi. "Mutanen Tofa kuma ki bar ni da su."

Anti Bilki tana jin komai daga inda take ninke kaya. Har gari ya waye ba ta kalle ni ba.

*Ofishin Dokta*

Da safe na ɗauki curi ɗaya cikin waɗanda suka rage a akwati, na sa a leda uku, na bar shi wurin mai gadi, na hau ofishin Dokta Menon. Na faɗa mata a tsaye. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a garinmu ba a lissafa wannan a cikin abinci, amma da na ji maganar a bakina da Turanci sai na ji kunyarta na yi shiru.

"Kin sa hannu a dokar?" ta tambaya.

"Na sa."

"Abokiyar tafiyarki tana ci?"

"A'a. Ni kaɗai ce."

Ta aika aka karɓo ledar, ta sa ni da kaina na jiƙa ɗan gutsure na shafa a faranti a wani ɗaki da ke wajen ginin. Ta ɗage sallamar Sujata har sakamako ya fito. Bayan kwana uku aka jera farantina kusa da na benci da na injin ɗuri, ko makaho ya shafa ya san abu ɗaya ne. Na'urarsu ma ta tabbatar. Kwalaben da aka killace duka aka lalata su.

Hukuncina bai ɗauki minti biyar ba. Ba zan sake wuce ƙofar farko ba, babu takardar shaida, za a rubuta wa kamfaninmu, jirgina ranar Asabar. Anti Bilki za ta ci gaba da karatunta. Dokta ba ta tambaye ni yaushe na gane ba, ni kuma ban faɗa ba, har na ji wani sanyi a raina da na fito ba ta tambaya ba. Abin da ya biyo baya a Kano ba shi da tsawo: an ba wani yaro ɗan Ungogo kujerar, ni aka mayar da ni sito ina lissafin kwali, kuma har yau a can nake.

Ranar Juma'a aka ba ni izini in shiga ɗakin farko in kwashe kayan lokata. Ina tura ƙofar na gan ta. Ta dawo aiki a safiyar, tana durƙushe da tsumma a gaban benci, ta rame, furfurar ta ƙaru. Na tsaya da ledata a hannu. Duk hanyar bas ina shirya abin da zan ce, kuma ba zan ɓoye ba, ina tsammanin za ta rungume ni.

"Akka," na ce, "ki yafe mini."

Ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa. Ta dube ni ba fushi a fuskarta, ba murmushi. Ta haɗa 'yan kalmomin Turancinta ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kin sani. Yaushe?"

Da na ce ranar Lahadi, da ta yarda, babu wanda zai ƙaryata ni. Na ajiye ledar a ƙasa, na ɗaga yatsu biyar na hannun dama, na ƙara biyu na hagu. Kwana bakwai kafin in yi magana.

Ta kalli yatsun nan ta daɗe, leɓenta na motsi tana ƙirga ranakun baya. Na ga lokacin da ta kai Laraba.

"Ni get," ta ce. "Kullum. Ke wuce."

Ta sunkuya ta tsoma tsumman a bokiti ta matse shi sosai, sannan ta yi mini alama da hannu in matsa daga inda nake tsaye. Na ɗauki ledata na ja baya har bakin ƙofa, ita kuma ta durƙusa ta fara goge wurin.